Haƙorin Telmo da Baƙar Alkyabba

Tun da maigidana Amandio ya rasu, Allah ya ba shi hutawa, nake ba ɗalibai hayar ɗakin sama. Gidan ya yi mini girma, kuma a Coimbra, garin jami'a, matar da take da ɗaki da keken ɗinki ba ta rasa mutane. Yara da yawa sun kwana a ɗakin nan. Wasu sunansu ya ɓace mini, sai ƙarar takalminsu a kan matakala nake tunawa. Telmo kuwa ban taɓa jin takunsa ba, in ban da sau ɗaya. Sai dai in waiwaya in gan shi tsaye a bakin kicin, dogo, kunnuwa jajur, yana jira in ajiye ludayi kafin ya ce mini ina kwana.

Daga kan duwatsu ya fito, wani ƙauye a bayan Seia inda tumaki suka fi mutane yawa. Ubansa Fausto makiyayi ne, uwarsa Idalina cuku take yi. Ranar da suka kawo shi ita ta yi maganar duka, uba da ɗa suna tsaye suna kallon takalmansu kamar an kawo su gaban alƙali. Da za su tafi ta ja ni gefe, ta gaya mini da ƙyar ta ci wannan yaƙi. Malaman makaranta sun ce yaron yana da kai, uban ya ce a bar shi wajen tumaki tunda su ba sa yi wa mutum tambaya. Ita ta dage sai ya karanta haɗa magunguna. Ba jarrabawa take tsoro ba, in ji ta. Tsoronta kada ya zo birni ya zauna shi kaɗai, ya zama ita ta jefa shi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Dona Ermelinda, ki sa mini ido a kansa." Na ce da yardar Allah.

Ido kam na sa, kuma na ga abubuwa. In ya ji maƙwabta a matakala sai ya tsaya bayan ƙofa har su wuce. In ya shiga bas babu wanda ya danna ƙararrawa a unguwarmu, shi ba zai danna ba don kada mutane su juyo, sai ya bari a kai shi bakin gada ya hauro da ƙafa. Mai aski ya taɓa kwashe masa gashi kamar tunkiyar da aka yi wa sausaya, Telmo ya ce ya gode, ya yi kyau. Shekara guda cur yana cinye kifin gishirin da nake dafawa ranar Juma'a, har da suɗe faranti, sai daga bakin uwarsa na ji tun yana yaro ko warinsa ba ya so.

Karatu kuwa ba a magana. Akwai tsuntsuna kanari da yake cikin keji a tagar sama, to shi ne ɗalibin Telmo. In jarrabawar baki ta matso sai ya tsaya gabansa ya yi ta bayani, murya tas, gidan duka ya ɗauka, ni da nake ɗinki a ƙasa har na haddace sunayen wasu ganyaye. Amma ranar jarrabawa, malami a gaba, ɗalibai a baya suna sauraro, sai muryar ta maƙale. An ce malaman har miƙo wuya suke yi su ji. Duk da haka ya ci, kuma ci mai kyau. In na ce masa sannu da ƙoƙari sai ya ce tausayinsa aka ji, ko ranar tambayoyin ne suka zo da sauƙi.

"Ba ki san sauran ba ne, Dona Ermelinda," in ji shi. "Su sun san abin da suke yi. Ni hadda kawai nake yi, wata rana za a gane."

Na ce to, kafin a gane ya zo ya ci abinci.

Ranar Lahadi bayan na dawo daga coci uwarsa take bugo waya. Wayar a zaure take, ni kuma kicin ɗina ba shi da ƙyaure, ba laɓe nake yi ba. A nan na fara jin sunan Valdemar. Valdemar ya ce kaza, Valdemar ya sa aji duka dariya, jiya Valdemar ya kwaikwayi tafiyar malami har malamin ya shigo. Yana faɗa yana dariya, ina jin dariyar Idalina tana fitowa ta cikin wayar. Na ji daɗi, na ce Allah ya amsa. Sai da na lura shekaru suna tafiya, Valdemar bai taɓa taka ƙofar gidana ba, bai taɓa bugo waya ba, kuma a duk labaran nan babu inda Telmo ya ce uffan. Valdemar yana nan da gaske, ajinsu ɗaya. Labaran ma gaskiya ne. Daga kujerar ƙarshe ta bayan aji yake tsinto su ya kai wa uwarsa.

Na bar masa sirrinsa. Na dai ƙara sunansa a cikin waɗanda nake ja wa carbi.

Ni nake ɗinka wa ɗalibai bajo a kan baƙar alkyabbarsu, saboda haka babu irin wadda ba ta biyo ta hannuna ba. Tunda ba a wanke ta, wasu sai na buɗe taga kafin in taɓa. Abin da na fi dubawa shi ne bakinta na ƙasa. Gefen hagu na 'yan uwa ne, dama na abokai, tsakiya na wanda aka ba zuciya. Kowa da haƙorinsa yake yin tsagarsa, ba almakashi ba wuƙa, kuma mai alkyabbar ne yake miƙawa ya ce a yaga masa. Na ga alkyabbar da gefen damanta ya koma kamar gezar tabarma. Ta Telmo kuwa, a shekararsa ta ƙarshe, kamar ranar aka ɗauko ta daga kanti.

Ana saura 'yan makonni bikin gama karatu na watan Mayu, Idalina ta bugo ta ce suna nan tafe ita da Fausto. Za ta yaga masa gefen hagu da bakinta, za ta ga tsagogin abokansa ɗaya bayan ɗaya ya gaya mata na wane ne. Ta kuma ware cuku guda, mafi kyau a cikin na bana, na Valdemar ne, hannu da hannu za ta ba shi.

Ya ajiye waya ya daɗe a zaure. Can ya shigo ɗakin ɗinki da alkyabbar a hannu, ya yi ta juya maɓallan da suke cikin gwangwani, sannan ya tambaye ni ko zan ara masa almakashi. Na ce na me? Ya ce 'yan tsagogi kaɗan ne, a gefen dama, ba wanda zai sani.

Na ce, "Ɗana, yankan almakashi a miƙe yake fita. Na haƙori a karkace, da zare a tsaitsaye, wani lokaci har da jan-baki. Uwarka da take bambance tunkiya da tunkiya daga nesa ita za ka ruɗa? Kuma almakashin nan Fadan cocinmu ya sa masa albarka."

Ya ce to ni in yaga masa. Na ce da farin ciki, amma ni gefen hagu zan yi, tunda kusan uwa nake a wurinsa, haƙoran ma rabinsu na roba ne, a kofi suke kwana. Na ce ya ɗauki alkyabbarsa gobe ya je ya tsaya gaban mutum ɗaya a ajinsu, ɗaya tak, ya miƙa. Ya dube ni kamar na ce ya faɗa kogi. Ya ce in aka ce masa wane ne kai fa? Na ce sai ya faɗi sunansa. Ya yi godiya ya hau sama.

Washegari ya fita da ita a kafaɗa, ya dawo da ita lafiya lau. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku da la'asar ina ɓare wake na ji wani ɗan ƙara daga sama, sannan shiru, sannan a karo na farko tun zuwansa na ji takunsa a matakala. Ya shigo da hannu a baki. Da na janye hannun sai ga giɓi a gaba, rabin haƙori babu. Ashe haƙorin nan tun yana yaro rago ya taɓa tunkuyarsa aka liƙe, shi kuma ya je ya ciji alkyabbarsa daidai wurin da aka ninka ulu aka ɗinke. Alkyabbar ko a jikinta, 'yar tsaga ce da ba ta kai ƙumba ba.

Na yafa gyale na raka shi inda ɗaliban haƙori suke koyon aiki. Wata yarinya muka samu, Noemia, 'yar gajera mai idon dariya. Ta kwantar da shi ta leƙa, ta sa ɗan hantsaki ta zaro baƙin zare daga tsakanin haƙoransa, ta ɗaga shi a haske.

"Kai, Dokta, wannan abota ta yi ƙarfi," in ji ta. "Alkyabbar wa ka ci haka?"

Na ga idonsa ya juyo wurina. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba jakata, don ƙarya ba za ta fito daga bakina ba, gaskiyar kuma ba tawa ba ce. Da ya ce ta wani ce da an wuce wurin. Amma Telmo bai iya ƙarya ido da ido ba, sai ta waya. Ya ce, "Tawa ce."

Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ta cije leɓe, ta juya baya kamar tana neman auduga, kafaɗunta suna rawa. Daga ƙarshe sai da ta zauna a kan kujera. Ta ba shi haƙuri, ta gyara abin da za ta iya, ta ce sabon haƙori sai bayan biki. Abin da ba mu sani ba, gida ɗaya take zaune da 'yan mata biyu 'yan ajinsu. Kafin rana ta sake fitowa ta faɗi, har mai sayar mini da burodi ya tambaye ni wai da gaske ne ɗan hayata ya karya haƙori a kan alkyabbar kansa.

Telmo ya daina fita. Abin da ya yi shekaru yana gudu, a juyo a dube shi, ga shi gari guda ya juyo. Na kai masa miya sama na tarar yana cusa kaya a jaka. Ya ce gida zai tafi kafin iyayensa su taso, zai ce an ɗage bikin, jarrabawar ƙarshe kuma ya gani ko baɗi. Ya ce dama ubansa ya faɗa. Na ce ya sha miyar tukuna, ba a yanke shawara da yunwa. Da safe na je coci na kunna wa Waliyyi Antoniyo kyandir, na ce masa ni dai iyakar dabarata ke nan.

Na dawo ke nan, wajen sha biyun rana, jakar Telmo tana zaure, aka ƙwanƙwasa ƙofa kamar za a ɓalle ta. Na buɗe na ga wani ƙato, tumbi a gaba, gemu ba gyara, alkyabba a kafaɗa duk ta zama tsumma. Ya cire hula ya rusuna, ya tambaya ko nan ne gidan Bishop. Na ce nan ba Bishop. Ya ce wani dogo mai kunnuwa, wanda ba ya magana da talakawa. Tun kafin ya faɗi sunansa na gane shi, don na sha jin muryar nan a bakin wani.

Telmo yana tsakiyar matakala, ya kasa hawa ya kasa sauka. Valdemar ya hango shi ya ce ranka ya daɗe, a yi mana murmushi mu gani. Telmo ya rufe baki da hannu. Valdemar ya ce shi fa bai zo da wata manufa ta kirki ba, caca suka yi da mutanensa, wasu sun ce ƙarya ne, shi ya zo ya gani da idonsa. Ya hau ya janye hannun, ya duba, ya yi dariya har kanari ya tsorata. Sannan ya zauna a kan matakala yana share hawaye, ya ce shekara da shekaru suna tsoron mutumin nan. Telmo sai ya shigo aji bai gai da kowa ba, ya zauna can baya yana kallonsu, ya cinye jarrabawa da raɗa kamar Fada mai ba da gafara, ya fice. Su duk sun ɗauka raina su ya yi. Shi kansa da ya faɗi darasi ɗaya har sau uku, in ya hango Bishop sai ya sauya hanya.

"Ni?" in ji Telmo. "Ni kuke tsoro?"

"To da wa? Ashe kai ma sakarai ne irinmu. Me ya sa ba ka faɗa ba tun da wuri?"

Na ga yaron nan ya koma ɗaki. Na ce shi ke nan, ya tafi ɓuya. Sai ga shi ya fito da alkyabbar, ya miƙa da hannu biyu, giɓin yana fito da iska. Ya ce sunansa Telmo, ko zai yaga masa.

Valdemar ya dubi alkyabbar bai karɓa ba. Ya ce shi ba ya yagar alkyabbar mutumin da bai taɓa cin abinci da shi ba, bakinsa ba almakashin haya ba ne. Mutanensu suna can gidan abincin da yake ƙasan matakalan da ake ce wa Karya-Baya, kowa ya san labarin, kowa zai yi dariya, kuma sai an sa shi ya maimaita yadda aka yi da bakinsa. In zai iya, to su tafi.

Fuskar Telmo ta yi fari. Ya dubi jakarsa a zaure, ya dubi ƙofa. Ni dai na ɗauke jakar na matsar da ita don ina son in yi shara. Ya yafa alkyabba ya bi bayansa. Ta taga na bi su da kallo, ƙato a gaba yana ta surutu da hannuwa, dogo a baya kamar ana kai shi mahauta.

Sai da rana ta yi sanyi ya dawo, yana warin gasasshen kifi da ruwan inabi, shi da ko kofi sai na matsa masa. Miya kawai ya iya sha, in ji shi, kuma sau uku aka sa shi ya ba da labarin, na ukun har ya tashi tsaye ya nuna yadda ya kama. Ya shimfiɗa alkyabbar a kan teburin ɗinki. A gefen dama ga tsaga guda, doguwa, a karkace, kamar kare ya ja. Na ce ɗaya? Ya ce da ya gaya wa Valdemar zancen waya da cuku, Valdemar ya ce a kan cukun duwatsu zai rantse tare aka yi musu baftisma, ya kuma ce teburin duka su taso su yage gefen dama kowa ya huta. Shi Telmo ya hana. Ya ce sauran har yanzu Bishop suke ce masa, a bari tukuna.

Ranar biki Idalina ta iso da cuku a ƙunshe cikin farin ƙyalle, Fausto a bayanta cikin kwat ɗin aurensa. Ba ta ko dubi alkyabba ba sai da ta gama da haƙori. Ta kama haɓarsa ta juya hagu ta juya dama, ta ce wa ya buge shi. Ya ce ta zauna. A nan kicin ɗina, ina tsaye ina zuba kofi, ya gaya mata duka, tun daga kujerar bayan aji har zuwa zaren da aka zaro. Bai ɗaga kai ba, amma muryar ta fita. Ya jawo gefen dama ya nuna mata, ya ce wannan babbar ta Valdemar ce, kuma ba ta fi mako biyu ba. Wannan 'yar ƙaramar tasa ce.

Idalina ta shafa tsagar da yatsa. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ce yau za a yi kuka a gidan nan. Sai ta ja hanci ta nuna mijinta da haɓa.

"Ubanka shekara sittin abokinsa ɗaya, shi ma rabin shekara ba sa magana," in ji ta. "Ni ce na matsa maka da tambaya. Amma da ka bari na zo, ai da na nuna maka ba a kamawa ta wajen ninki."

Fausto, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba, ya ce a ba shi gefen hagu ya fara. Ya duba ulun kamar mai sayen tunkiya, ya zaɓi wuri, ya yaga tsaf. Idalina ta yi nata, ni ma na yi nawa da taimakon Allah da na turamen haƙorana. Valdemar ya zo da rana ya karɓi cukunsa, ya sumbaci hannun Idalina, ya ce mata ɗanta ne mutum mafi ban tsoro a ajinsu. Ta ce ya rage ci, tumbin nan ba na saurayi ba ne.

Telmo ya zauna jarrabawarsa ta ƙarshe da giɓinsa, ya ci, ya ce tausayin haƙorin aka ji. Yanzu yana da kantin magani a wani ƙaramin gari kusa da ƙauyensu. Kunyar tana nan, ba inda ta je. An ce tsofaffi daga ƙauyuka masu nisa suke tsallake wasu kantuna su zo nasa, saboda ciwon da mutum yake jin nauyin faɗa, a gaban Telmo ya fi sauƙin fita, tunda shi yake fara sunkuyar da kai.